Ina za ka kai muƙalarka? Hanyoyi biyar na wallafa bincike ga malamin jami'a

Muƙala ta kammala. An gyara jadawalai, an daidaita manazarta, duk marubutan sun amince. Saura tambayar da kan raba kan abokan bincike fiye da rubutun kansa: ina za a aika ta? Wani ya ce a kai ta tsohuwar mujallar fannin, wadda ba ta karɓar ko sisi daga marubuci amma sai a shekara ana jira. Wani ya ce a biya kawai ta fito da wuri, kowa ya karanta. Na uku kuma, musamman idan malamin lissafi ne ko kimiyyar kwamfuta, ya riga ya ɗora ta a rumbun daftari, wato shafin intanet da ake ajiye muƙala kafin masana su tantance ta, tun ba a gama gardamar ba. Kowannensu yana da hujja, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Abubuwan aunawa

Ma'auni na farko shi ne ya rinjayi sauran: wa zai ƙirga muƙalar? Ɓangare biyu ne ke da ta cewa a kan aikin malamin jami'a, kwamitin ƙarin girma da hukumar da ta ba da kuɗin binciken. Jami'o'i da yawa ba sa ba muƙala cikakken maki sai mujallar tana cikin ɗaya daga manyan jerin mujallun da aka tantance, wato Scopus, wanda kamfanin Elsevier ya buɗe a 2004, ko Web of Science na kamfanin Clarivate. Wasu kan ƙara da sharaɗin mataki, daga Q1 zuwa Q4, wato ko mujallar tana cikin kashi ɗaya bisa huɗu na sama a fanninta ko tana can ƙasa. Akwai kuma jami'o'in da suka sa hannu a sanarwar DORA, wadda aka tsara a San Francisco a 2012, suka ɗauki alkawarin auna muƙala da abin da ke cikinta maimakon sunan mujallar. Kada ka dogara da ji-ta-ji-tar zauren malamai. Nemi rubutacciyar ƙa'idar, ka duba shekarar da aka sabunta ta.

Bayan wannan sai kuɗi, da wanda zai biya su: aljihunka, tallafin bincike, ko ɗakin karatu. Sai lokaci, daga ranar aikawa zuwa ranar da za ka riƙe takardar amincewa. Sai ɗorewa, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Muƙala mai ɗorewa tana da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano ta da ita a intanet, kuma mujallarta na ajiye kwafi a wata ma'ajiya mai zaman kanta irin su CLOCKSS ko Portico, yadda ko kamfanin ya durƙushe muƙalar ba za ta bi shi ba. Na ƙarshe su ne haƙƙin mallaka da haɗari: me ya rage a hannunka bayan ka sa hannu, kuma me zai iya lalacewa.

Game da ma'aunin tasirin mujalla da ake yawan kafa hujja da shi, a san yadda ake lissafinsa. Ana ɗaukar yawan ambaton da muƙalun shekaru biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan muƙalun. Matsakaici ne na mujalla ɗungurungum, kuma muƙalu ƙalilan masu farin jini ne ke ɗaga shi. Ba a kwatanta fanni da fanni da shi. Mujallar lissafi mai maki 2 tana iya zama gagarau a wajen masu lissafi, alhali a ilimin ƙwayoyin halitta maki 2 ba abin tinƙaho ba ne.

Mujallar da mai karatu ke biya

Wannan ce tsohuwar hanya. Ɗakunan karatu na jami'o'i ke biyan kuɗin shekara-shekara, marubuci kuma ya wallafa kyauta. Mafi yawan irin waɗannan mujallu suna hannun manyan kamfanoni kamar Elsevier, Springer Nature, Wiley, Taylor & Francis da Sage, ko hannun ƙungiyoyin masana. "Kyauta" ɗin na da 'yan ƙananan ramuka: wasu mujallun na cajin kuɗin shafi idan muƙala ta zarce iyaka, wasu na cajin hotuna masu launi a bugun takarda. Yawanci ana kauce wa na biyun ta hanyar zaɓar launi a intanet kaɗai, muddin jadawalan za su karantu cikin fari da baƙi.

Wajen ƙarin girma ita ce mafi kwanciyar hankali, domin tsofaffin mujallun kowane fanni galibi a nan suke. Ɗorewa ma ba a cewa komai. Inda take ciwo shi ne lokaci. Edita na iya mayar da muƙala cikin kwanaki ba tare da ya aika wa masu tantancewa ba, kuma wannan alheri ne, don ba a ɓata maka lokaci ba. Idan ta wuce wannan ƙofa, zagayen farko kan ci watanni, gyara ya ci wasu, zagaye na biyu ya ƙara. A fannin tattalin arziki ba abin mamaki ba ne a wuce shekara biyu. Kuma ƙa'ida ce a ko'ina: ba a aika muƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Wanda aka kama ya yi haka kan rasa duka biyun, wani lokacin har a rubuta wa jami'arsa.

Matsala ta biyu ita ce masu karatu. Wanda jami'arsa ba ta biya ba sai dai ya ga taƙaitaccen bayani, a nemi ya biya dala talatin ko arba'in kafin ya buɗe muƙala ɗaya. Maganin wannan shi ne abin da masu harkar ke kira koriyar hanya, wato ajiye kwafi a rumbun jami'a. A nan ne malamai da yawa ke tafka kuskure, don haka a tsaya a kansa.

Kowace muƙala tana da siffa uku. Akwai wadda ka fara aikawa. Akwai wadda aka amince da ita bayan ka yi gyaran masu tantancewa, tana nan a fayil ɗinka na Word ko LaTeX, babu tambarin kamfani. Sai ta ƙarshe, wadda kamfani ya tsara, mai lambobin shafi da tambari. Takardar miƙa haƙƙin mallaka da ake turo maka bayan amincewa yawanci tana hana ka ɗora ta ukun a fili, amma tana ƙyale ta biyun bayan wani wa'adi, daga wata 6 zuwa 24, an fi samun 12. Saboda haka ranar da wasiƙar amincewa ta shigo, ka ware wannan fayil na biyu, ka rubuta sunan mujalla da kwanan wata a jikin sunansa, ka aika wa ɗakin karatu. Bayan shekara uku, lokacin da ake tattara ayyukan sashe, fayil ɗin ya ɓace a tsohuwar kwamfuta, marubucin da ke riƙe da shi ya koma wata jami'ar, sai a ɗora na kamfani a ɓoye ko a bar wurin fayau. Ana duba sharaɗin kowace mujalla a shafin Open Policy Finder na hukumar Jisc ta Birtaniya, wanda aka fi sani da tsohon sunansa Sherpa Romeo. Wasu jami'o'in ma sun riga kamfani: tun 2008 malaman tsangayar fasaha da kimiyya ta Jami'ar Harvard suka amince jami'a ta riƙe izinin ajiye muƙalunsu kafin su sa hannu a kowace takarda, wasu jami'o'in kuma suka bi sahu. Tambayi ɗakin karatunku ko akwai irin wannan tsari.

Buɗaɗɗiyar mujallar da marubuci ke biya

Nan an juya lissafin: kowa ya karanta kyauta, marubuci ya biya kuɗin ɗab'i. Ana kiranta hanyar zinare. PLOS ONE, wadda ta fara a 2006, ta kawo wani sabon salo da Scientific Reports ta bi a 2011: ba a tambayar ko binciken sabon abu ne mai girgiza fanni, ana duba ko an bi hanya sahihiya kuma sakamakon ya dace da bayanan. Wannan ya buɗe ƙofa ga binciken da ya maimaita wani, ko wanda bai samu abin da ake fata ba, irin waɗanda tsofaffin mujallu ke yi wa kallon hadarin kaji.

Kuɗin ya fara daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu goma. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe wannan zaɓi a 2021, yuro 9,500 ta sa a kan muƙala ɗaya. Tsadar ta kai ga a 2023 editoci sama da 40 na mujallar NeuroImage suka ajiye aiki gaba ɗaya saboda kuɗin dala 3,450 da Elsevier ke karɓa, suka je suka kafa Imaging Neuroscience tare da MIT Press.

Kafin ka taɓa aljihu, akwai ƙofofi uku. Ta farko tallafin bincikenka, idan an sa kuɗin ɗab'i a kasafinsa tun farko. Da wuya a yarda a ƙara daga baya. Ta biyu yarjejeniyar da jami'a ko ƙasa ta ƙulla da kamfani, wadda ta haɗe kuɗin karatu da na wallafawa wuri ɗaya, kamar yadda jami'o'in Jamus suka yi da Wiley a 2019 ƙarƙashin Projekt DEAL. Irin wannan yarjejeniya na bin marubucin da ke musayar wasiƙu da mujalla ne, don haka zaɓen wanda zai riƙe wannan matsayi a cikin marubuta na iya zama bambancin biyan dubbai da rashin biyan komai. Ta uku yafiya. Kamfanoni da yawa na yafe kuɗin duka ko rabi ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma galibi jerin ƙasashen Research4Life, shirin da ke sauƙaƙa wa irin waɗannan ƙasashe samun mujallu, suke bi. Ana neman yafiyar ne lokacin aikawa. Wanda ya bari sai an amince da muƙala kafin ya ce ba shi da kuɗi, ya makara. Idan kuma akwai marubuci ɗaya daga ƙasa mai arziki a cikin jerin, wasu kamfanonin sai su ce babu yafiya.

Amfaninta a bayyane yake. Haƙƙin mallaka na hannunka, yawanci ƙarƙashin lasisin CC BY, wanda ke ba kowa damar yaɗa aikin muddin ya ambaci marubucin, kana iya ɗora bugun ƙarshe duk inda ka ga dama ran da ya fito. Hukumomin ba da kuɗin bincike da ke cikin tsarin Plan S, wanda aka sanar a 2018 ya fara aiki a 2021, suna buƙatar muƙala ta kasance a buɗe nan take, kuma wannan hanya na cika sharaɗin ba tare da wata dabara ba.

Akwai wata 'yar tsakiya: mujallar biyan kuɗin karatu da ke ba ka zaɓin biya don a buɗe muƙalarka ita kaɗai. Idan ba wata yarjejeniya ce ke ɗauke nauyin ba, wannan ne zaɓi mafi rashin riba. Kuɗinta kan fi na cikakkiyar buɗaɗɗiyar mujalla, ɗakin karatunku na nan yana biyan kuɗin shekara na mujallar, ga shi koriyar hanya za ta ba ka kusan abu ɗaya kyauta.

Haɗarin wannan hanya daga tsarin kuɗinta ya fito. Mujallar da ke samun kuɗi a kan kowace muƙalar da ta karɓa tana da dalilin sassauta ƙofa. Wiley ya sayi kamfanin Hindawi a 2021 kan dala miliyan 298. Cikin 2023 aka janye muƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa, akasarinsu daga fitowa ta musamman da baƙin editoci suka kula da su, inda masana'antun ƙirƙirar muƙalun ƙarya suka samu kafa. Clarivate ya cire mujallun Hindawi 19 daga Web of Science a watan Maris na shekarar, daga baya Wiley ya yi ritayar sunan baki ɗaya. Abin lura shi ne waɗannan mujallu suna cikin manyan jeri lokacin da mutanen kirki suka biya suka wallafa a cikinsu. Don haka idan mujalla na fitar da fitowa ta musamman ɗari-ɗari a shekara, ko yawan muƙalunta ya ninka sau da yawa cikin ɗan lokaci, a yi hattara ko da sunanta na Scopus yau.

Can ƙasa kuma akwai mujallun bogi zalla. Wasiƙarsu kan shigo da yabo mai yawa, ta kira ka farfesa ko ba ka kai ba, ta ambaci wata muƙalarka da ba ta da alaƙa da sunan mujallar, ta yi alkawarin wallafawa cikin mako ɗaya ko biyu, ta ce saura muƙala ɗaya tak a cike fitowar wannan wata. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika muƙalar ƙarya mai kurakurai a fili ga buɗaɗɗun mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar dala miliyan 50.1 saboda yaudarar marubuta. Mafi wuyar ganewa su ne masu satar suna: su ɗauki suna da lambar rajista ta ISSN na mujallar gaskiya, su buɗe shafi mai kama da nata.

Bincike na minti ashirin ya isa. Nemi mujallar a jerin Scopus ko na Clarivate da kanka, kada ka yarda da tambarin da ke shafinta, kuma ka duba jerin waɗanda Scopus ya daina ɗauka. Tabbatar adireshin shafin da kake ciki shi ne na mawallafin gaskiya. Duba ko tana cikin DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallu da aka fara a Jami'ar Lund ta Siwidin a 2003. Ɗauki sunayen editoci biyu, ka je shafin jami'o'insu ka ga ko sun ambaci mujallar. Kwafi lambar DOI ta wata muƙalarta ka gwada a doi.org. Sannan ka karanta muƙalu biyu daga fitowar ƙarshe; malami ya san aikin fanninsa idan ya gani. Idan aka riga aka wallafa a mujallar bogi, cirewa na da wuya, sukan nemi wani kuɗin, kuma mujallar gaskiya ba za ta karɓi abin da ya riga ya fito ba.

Buɗaɗɗiyar mujallar da babu mai biya

Ba marubuci ba mai karatu; jami'a, ƙungiyar masana ko haɗakar ɗakunan karatu ke ɗaukar nauyi. Ana ce mata hanyar lu'ulu'u. Mutane kan ɗauka irin wannan ba su da yawa, alhali mafi yawan mujallun da ke cikin DOAJ ba sa karɓar kuɗin ɗab'i. Wasu daga cikinsu manya ne a fanninsu. Journal of Machine Learning Research tun 2000 take a haka. Glossa ta samu ne bayan editocin mujallar Lingua sun bar Elsevier a 2015, yanzu kuma tana ƙarƙashin Open Library of Humanities. A nahiyar Kudancin Amurka, inda taskar buɗaɗɗun mujallu ta SciELO ta kafu tun ƙarshen shekarun 1990, wallafawa da kuɗin jami'a ko na gwamnati daɗaɗɗen abu ne.

Idan fanninka na da irin wannan mujalla kuma tana cikin jerin da kwamitinku ke ƙirgawa, da wuya a samu abin da ya fi ta. Rauninta shi ne yawancinsu ƙanana ne, malamai biyu ko uku ke tafiyar da su bayan sun gama koyarwa, a kan manhajar tafiyar da mujalla ta OJS da ake samu kyauta. Edita ya tafi hutun bincike, muƙala ta kwana wata shida ba a taɓa ta ba. Wasu ba su da DOI saboda babu mai biyan kuɗin rajista. Wani bincike da Mikael Laakso da abokansa suka yi ya gano buɗaɗɗun mujallu sama da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, kuma na ƙananan ƙungiyoyi da jami'o'i na da yawa a ciki. Dubi tarihin fitowarta na shekaru biyar: tana fita a kan kari, ko akwai shekarun da babu komai? Dubi ko ta ambaci inda take ajiye kwafi. Ko ta ambata, ka ajiye naka a rumbun jami'a.

Mujallar da sashenku ko tsangayarku ke bugawa ma a nan take. Wuri ne mai kyau ga ɗalibin digiri na biyu ya koyi amsa tambayoyin masu tantancewa. Amma malamin da rabin ayyukansa suka fito a mujallar da abokin ofishinsa ke edita, masu tantancewa na waje za su lura, ko ba su faɗa ba.

Rumbun daftari

Paul Ginsparg ne ya buɗe arXiv a 1991 a ɗakin bincike na Los Alamos, aka mayar da shi Jami'ar Cornell a 2001. SSRN ya zo a 1994 don kimiyyar zamantakewa, bioRxiv a 2013, medRxiv a 2019. Wanda fanninsa ba shi da rumbu yana iya amfani da Zenodo na cibiyar CERN, wanda ke ba da DOI kuma yake karɓar har gigabait 50 a ajiya ɗaya, ga shi yana ɗaukar bayanan bincike da manhaja. Duk kyauta ne, kuma cikin 'yan kwanaki aiki ya fito da kwanan wata a jikinsa, shaidar cewa kai ka riga. A lissafi da kimiyyar fiziks nan ake karanta sabon aiki. Grigori Perelman a arXiv kaɗai ya ɗora hujjarsa ta warware hasashen Poincaré a 2002 da 2003, bai kai ta wata mujalla ba. Amma shi ba ya neman ƙarin girma.

Daftari ba ya maye gurbin mujalla a gaban yawancin kwamitoci, don masana ba su tantance shi ba. Ana haɗa shi ne da ɗaya daga cikin hanyoyin sama. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a ɗora. Na ɗaya, ko mujallar da kake nufi ta yarda. Yawanci sun yarda yanzu, amma akwai ragowar masu bin tsohuwar ƙa'idar da editan New England Journal of Medicine, Franz Ingelfinger, ya kafa a 1969 ta ƙin abin da ya riga ya fita. Na biyu, idan akwai ƙirƙirar da za a nema wa rajistar mallaka, a shigar da takardun tukuna: a Turai bayyana ƙirƙira a fili na kashe damar rajista, a Amurka kuma ana da rangwamen shekara ɗaya. Na uku, duk marubuta su amince a rubuce. Na huɗu, ba a gogewa. A arXiv kana iya ɗora gyararren bugu ko ka sanar da janyewa, amma tsohon bugun na nan ga mai son gani. Sabon shiga kuma na iya buƙatar wani tsohon mai ɗorawa a fannin ya tsaya masa.

A fannin lafiya haɗarin ya wuce kan marubuci. A ƙarshen Janairun 2020 aka ɗora wani daftari a bioRxiv da ke iƙirarin kamanni tsakanin ƙwayar cutar korona da ta HIV. Masana suka yi masa ca, aka janye shi cikin kwanaki, amma ya riga ya zagaya duniya a kafofin sada zumunta. Duk da haka iskar tana kaɗawa wajen daftari: daga 2025 Gidauniyar Gates ta daina biyan kuɗin ɗab'i, ta ce waɗanda ta ba tallafi su ɗora daftari.

Kundin taro

A kimiyyar kwamfuta, muƙalar da aka karɓa a babban taro irin NeurIPS ko manyan tarukan ƙungiyoyin masana na ACM da IEEE tana gogayya da ta mujalla, har ta fi. Ranakunta sanannu ne, ka san ranar rufewa da ranar sakamako, amma sai an biya rajista, ga kuɗin tafiya da biza. A yawancin sauran fannoni makinta kaɗan ne, kuma cikakkiyar muƙala a kundin taro na iya hana mujalla karɓar aikin daga baya. Tarukan bogi ma na nan. A 2014 Springer da IEEE suka cire muƙalu sama da 120 daga kundayen taro bayan an gano manhajar SCIgen ce ta harhaɗa su.

| Hanya | Kuɗin marubuci | Lokaci | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mai karatu ke biya | Babu, sai kuɗin shafi ko launi | Watanni zuwa shekaru | Mai ƙarfi | Jinkiri, miƙa haƙƙin mallaka |
| Marubuci ke biya | Ɗaruruwan daloli zuwa sama da 10,000 | Makonni zuwa watanni | Mai ƙarfi a sanannun kamfanoni | Bogi, cirewa daga jeri |
| Babu mai biya | Babu | Ya danganta da edita | Sai an bincika | Ɓacewa, rashin shiga jeri |
| Rumbun daftari | Babu | Kwanaki | Mai ƙarfi, ba a gogewa | Ba a ƙirgawa, kuskure a fili |
| Kundin taro | Rajista da tafiya | Ranaku sanannu | Ya danganta da mawallafi | Ƙarancin maki a wasu fannoni |

Wa ya dace da wacce

Malamin da ba shi da tallafi, kuma yana da shekara biyu ko fiye kafin ya nemi ƙarin girma, ya haɗa uku: daftari a rumbu, mujallar da mai karatu ke biya, sannan kwafin da aka amince da shi a rumbun jami'a. Bai biya komai ba, an karanta aikinsa tun makon farko, kwamiti kuma ya samu sunan da yake so. Idan fannin na da mujallar lu'ulu'u mai suna, ta shiga gaban layi.

Mai tallafi daga hukumar da ta wajabta buɗewa nan take ya fara karanta sharaɗin tallafin kafin ya zaɓi mujalla, sannan ya tambayi ɗakin karatu jerin mujallun da yarjejeniya ta rufe. Mai binciken da zai amfani likitoci, malaman makaranta ko ma'aikatan gwamnati, waɗanda ba su da ɗakin karatun jami'a, buɗewa ta fi masa muhimmanci fiye da matakin mujalla, ta kowace hanya ta samu. Mai sakamakon da bai nuna bambanci ba, ko maimaicin wani bincike, ya nufi mujallun da ke auna sahihanci, ya nemi yafiya tun ranar aikawa. Ɗalibin digiri na uku da jami'arsa ta ce sai ya wallafa kafin ya kare kundinsa ya aika babin farko da ya nuna tun a shekara ta biyu, ya zaɓi mujalla mai matsakaicin suna wadda ranakun karɓa da amincewa da ke jikin muƙalunta suka nuna ba ta jan ƙafa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne malamin da saura wata uku a rufe karɓar takardun ƙarin girma, muƙala ɗaya ta rage masa. Shi wasiƙun bogi ke nema. Babu mujallar kirki da za ta yi masa alkawarin rana. Abin da zai iya yi shi ne ya duba ko ƙa'idar jami'arsa na karɓar takardar amincewa a madadin bugu, ya rubuta wa editan da muƙalarsa ta daɗe a hannunsa wasiƙa gajera mai ladabi da lambar muƙalar da ranar da aka aika ta, idan kuma hakan bai yiwu ba ya jira zagaye na gaba. Jinkirin shekara ɗaya ne. Muƙala a mujallar bogi kuwa tana zama a jerin ayyukansa, masu tantancewa na waje za su gan ta lokacin neman farfesa, kuma wasu kwamitocin kan sake duba sauran muƙalun da ke kusa da ita.